Gwanjon Da Tayi Ke Yin Ƙasa

A gwanjon da aka saba gani, wanda ya fi tayi mai tsoka shi ke ɗaukar kaya. A jihar New Jersey ta Amurka kuwa, idan hukumar gari ta buɗe gwanjon harajin gidaje, ƙasa tayi yake fara yi.

Dalili shi ne, ba gidan ake sayarwa ba, takardar bashin ce. Mai saye zai biya harajin da mai gida ya kasa biya, sa'an nan ya jira a mayar masa da kuɗinsa tare da ruwa. Akan fara da kashi 18 cikin ɗari. Wani ya ce ya yarda da 12, wani 5, har a kai sifiri. Daga nan sai a koma taya ƙarin kuɗi, waɗanda hukuma ke ajiyewa ba ruwa.

To, ina ribar rancen da babu ruwa? Harajin da mai takarda ya ci gaba da biya yana jawo ruwa har kashi 18, kuma bayan shekara 2 yana iya neman kotu ta mallaka masa gidan. Nan ne gizo ke saƙar.

A jihar Minnesota, hukuma ta sayar da gidan wata tsohuwa, Geraldine Tyler, kan dala 40,000 saboda bashin kimanin dala 15,000, ta kuma riƙe ragowar. A 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta ce riƙe ragowar ya saɓa wa tsarin mulki.