Daga gajeren fim zuwa miliyoyin daloli: lissafin finafinan tsoro da barkwanci na lokacin biki

A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar, gajeren fim shi ne wanda bai wuce minti 40 ba. Wasu masu haɗa tsoro da barkwanci a kan Kirsimeti ko Halowin ba su ma kai rabin haka ba. Treevenge, wanda Jason Eisener ya shirya a Kanada a 2008, minti 16 ne kacal, inda bishiyoyin Kirsimeti ke ramuwar gayya kan masu sare su. Rare Exports Inc. na Jalmari Helander, ɗan ƙasar Finlan, bai cika minti 10 ba sa'ad da ya fito a 2003.

Biki ne ke rage musu kashe kuɗi. Fitilu da kayan ado suna nan a kowane gida, mai kallo ya riga ya san al'adar, kuma duk shekara lokacin zai zagayo a sake neman fim ɗin. ThanksKilling, labarin talotalo mai kisa a bikin godiya na Amurka, dala 3,500 ya ci duk da cewa dogon fim ne. Sai dai a karanta irin wannan adadi da hankali, domin ba a lissafa gumin abokan da suka yi aiki kyauta da kyamarar aro.

Gajeren fim da wuya ya mayar da ko uwar kuɗi. Amfaninsa shi ne ya kai mai shi gaban masu zuba jari, kuma a nan alƙaluman da suka fi ɗaukar hankalina suke, wato shekarun jira. Helander ya yi shekara 7 kafin dogon Rare Exports ya fito a 2010. Eli Roth ya saka tirelar ƙarya ta Thanksgiving cikin fim ɗin Grindhouse a 2007, amma ainihin fim ɗin bai samu ba sai 2023, bayan shekara 16. An kashe masa dala miliyan 15, ya tara kusan miliyan 46, ninki uku ke nan.

Damien Leone ya fi su duka cin kasuwa. Ya fara nuna dodonsa, Art the Clown, a wani gajeren fim a 2008. Terrifier 2, dogon fim a kan wannan dodon, ya ci dala 250,000 a 2022, ya dawo da sama da miliyan 15. Terrifier 3, da aka gina kan Kirsimeti, ya ci miliyan 2 a 2024, ya tara kusan miliyan 90.

Wannan ba riba ba ce tsantsa. Gidajen sinima kan riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuɗin talla da ba ya cikin kasafin da ake faɗa. Kuma waɗanda suka kai labari kaɗai ake ƙirgawa. Matasan da suka sayar da mota ko suka ci bashi, fim ɗinsu ya tsaya a YouTube, ba wanda ke tattara lissafinsu, alhali su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba.