Koya wa 'Yan Firamare Tsara Umarnin Kwamfuta

Tsara umarnin kwamfuta, wato jera wa na'ura matakan da za ta bi don kammala aiki, ya daɗe da shiga ajin ƙananan yara, domin tun a shekarar 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen Logo a Amurka, inda yaro ke umartar wani kunkurun kwamfuta ya yi gaba ko ya juya har ya zana siffa. A shekarar 2007 cibiyar MIT ta fito da Scratch, wanda ke sa yara harhaɗa umarni masu siffar tubala maimakon rubuta su, sannan a 2014 Ingila ta wajabta darasin ga yara tun daga shekara 5.

Abin da malamai suka fi nema shi ne tsarin tunanin da ke tattare da aikin: rarraba babbar matsala zuwa ƙananan sassa, gano abin da ke maimaituwa, da bin diddigin kuskure har a gyara shi. Idan kunkurun ya zana siffa mai kusurwa huɗu a karkace, yaron ne zai koma ya duba matakin da ya ɓata, kuma hakan na koya masa haƙuri da natsuwa.

Rashin kwamfuta ko wutar lantarki ba ya hana wannan karatu, domin shirin CS Unplugged na Jami'ar Canterbury da ke New Zealand yana koyar da shi da katuna da wasanni kawai, muddin an horar da malamin da zai jagoranci yaran.