Yadda ake bikin Kirsimeti a Badagry, garin bakin teku



Gab da hutun Disamba na ji wani ɗan ajinmu yana cewa wai Kirsimeti ba komai ba ce illa kiɗa da rawa. Malamarmu mai bautar ƙasa tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ji, amma ba ta ce uffan ba. Ni dai kunya ta kama ni. Shi ya sa na tambayi kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da albasa a Badagry, na kuma haɗa da abin da na karanta.

Badagry gari ne a jihar Legas, a bakin teku, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Mutanen garin ana ce musu Ogu ko Egun. Da yawansu masunta ne kamar Kabawa, sai dai tekunsu ruwan gishiri ne, kuma ba a hango ɗaya gaɓar kamar yadda muke hangowa a Matan Fada. Akwai Musulmi a garin, akwai masu addinin gargajiya, amma Badagry ta yi suna a tarihin Kiristanci.

A shekarar 1842 wani mai wa'azi, Thomas Birch Freeman, ya sauka a garin. Ranar 25 ga Disamba na wannan shekara, shi da Henry Townsend suka yi Kirsimeti a gindin wata babbar itaciya mai suna Agiya. Mutanen Badagry suna alfahari cewa ita ce Kirsimeti ta farko a Najeriya. Itaciyar ta faɗi a 1959, aka gina alama a wurin, har yau baƙi suna zuwa gani.

Abin da Kiristoci ke tunawa a wannan rana shi ne haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tun kafin ranar ake taruwa a coci da dare ana waƙoƙin yabo. Da safe kowa ya sa sabbin kaya, sau da yawa gida guda anko suke yi, a tafi coci a yi addu'a. Bayan an taso sai a sauke dafa-duka da kaji da kifi, yara su shiga kai kwanuka gidajen maƙwabta, manya suna ba su 'yan kuɗi. Da kawu ya zo nan sai na ce, ai wannan yawon Sallah ne! Ya yi dariya ya ce, to, ɗinki ma haka tela ke saɓa musu alkawari.

Waɗanda ke aiki nesa duk gida suke komawa, ko da kuɗin mota ya ninka, don a gaida iyaye. Washegari, 26 ga wata, ita ma ranar hutu ce, sai iyalai su tafi bakin teku su zauna a inuwar kwakwa. Kiɗa da rawa kam akwai su, ba ƙarya ba ne. Daren 31 ga Disamba kuwa a coci da yawansu ke raba dare suna roƙon Allah ya sa su shiga sabuwar shekara lafiya.

Mu ma muna da hannu a tukunyarsu. A Disambar 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da shinkafar Lake Rice, wadda aka noma a fadamun jiharmu, aka sayar da ita a Legas gab da Kirsimeti. Albasar miyar kuma daga Arewa take zuwa.

Kawu ya ce wata maƙwabciyarsa Kirista kowace shekara kaza take aiko masa da ranta, don ya yanka da hannunsa. Shi kuma in ya yi layya a can, sai ya aika mata da nama. Kasuwar Disamba ce ta sa ba ma ganinsa a Gulma sai bayan sabuwar shekara.