Mawaƙan Black Mountain da Waƙar da Numfashi ke Aunawa

Sunan wannan mazhabar waƙa ya samo asali ne daga wata ƙaramar kwaleji mai suna Black Mountain, wadda aka kafa a jihar Karolina ta Arewa a Amurka a 1933, aka kuma rufe ta a 1957 saboda ƙarancin kuɗi da ɗalibai. A shekarunta na ƙarshe Charles Olson ne ke shugabantarta, kuma maƙalar da ya fitar a 1950, mai suna "Projective Verse", ita ta zama ginshiƙin tafiyar.

Abin da Olson ya ƙi shi ne a zuba waƙa cikin ma'aunin da aka gada, wato a tsara kari da amsa-amo tun kafin a san abin da za a faɗa. A ganinsa, tsawon ɗango ya kamata ya bi numfashin mawaƙi, ya tsaya inda mai magana zai tsaya ya ja iska, yayin da kunne ke kula da gaɓa, don ƙarfin da ya motsa marubuci ya isa ga mai karatu bai raunana ba. Ya ɗauki tafireta a matsayin abokiyar aiki, domin kowane harafinta faɗinsa ɗaya ne, saboda haka gurbin da aka bari a takarda yana nuna tsawon shirun da ake so, kamar yadda alamomin kiɗa ke yi wa makaɗi jagora. Wanda ya ɗauki wannan a matsayin sakaci bai fahimce shi ba, domin mawaƙin da ya ajiye kari dole ne ya nemo wa kowane ɗango dalilin tsayawarsa.

Duk da haka waƙoƙin mawaƙan wannan mazhaba ba su yi kama da juna ba. Olson ya shafe shekaru yana gina doguwar waƙa a kan tarihin Gloucester, garin masunta, alhali Robert Creeley gajerun ɗangogi yake yi masu yawan yankewa. Denise Levertov kuwa ba ta taɓa karatu ko koyarwa a kwalejin ba. Mujallar da Creeley ya yi wa edita daga 1954 zuwa 1957 ce ta haɗa ta da su. Jama'a sun san su sosai ne a 1960, lokacin da Donald Allen ya sa su a rukunin farko na kundinsa na sababbin waƙoƙin Amurka.