Daga gonakin inabi zuwa gonakin wake: Yadda ake neman maganin cutar shuka a cikin iri

A gundumomin Magaria da Dungass da ke jihar Damagaram, wake ne rufin asirin manomi. A ci a gida, a kai saura kasuwannin Maigatari da Dawanau, dabbobi kuma su samu harawa. Sai dai idan damina ta kankama, akwai cutar bakteriya da ke kama ganyensa: ɗigo-ɗigo ya bayyana, ganyen ya yi rawaya, ya ƙone, ya zube.

Cutar na ɓoye a cikin iri, ruwan sama da iska kuma su yaɗa ta a gona. Feshin maganin ƙwari ba ya kashe ta.

Manoman inabi a jihar California ta Amurka sun daɗe da sanin irin wannan masifa. Tun 1892 aka bayyana cutar Pierce, wadda bakteriyar Xylella ke haddasawa ta hanyar toshe jijiyoyin da ke kai ruwa ga ganye har kurangar ta bushe. Da masana suka bincika ƙwayoyin halittar wani inabin daji, sai suka gano abin da ke ba shi juriya, suka yi ta haɗa shi aure da inabin gona. A 2019 Jami'ar California da ke Davis ta fitar da nau'i biyar masu jure cutar.

Wannan hanya ce aka bi a kan wake. Wani bincike da aka wallafa a 2010, tare da masanan cibiyar IITA mai reshe a Kano, ya yi amfani da Ɗan Ila, waken gargajiya na ƙasar Hausa, wanda ke jure cutar. An gano wurare uku a ƙwayoyin halittarsa masu alaƙa da juriyar. A 2019 kuma aka fitar da taswirar ƙwayoyin halittar wake, abin da ke rage wa masu inganta iri shekarun lalube.

Nijar ce ta biyu a noman wake a duniya bayan Najeriya, don haka abin da ya rage shi ne iri mai juriya ya isa hannun manomi. Masu aiko da kuɗin noma daga birni ko ƙetare na da rawar takawa: su nemi a sayi tantancen iri, a tuntuɓi malaman gona ko cibiyar INRAN, kuma kada a ajiye iri daga gonar da cutar ta kama.