Ba Kullum Lalaci Ne Ke Kashe Aiki Ba

Malamin makarantar da a da yake gama duba takardun jarrabawa cikin kwana biyu, yanzu sai su yi wata a kan teburinsa. Telan da aka sani da cika alkawari ya koma "dawo gobe". Hukuncin da ake yanke musu guda ne: sun lalace, kasala ta kama su. Sai a bi su da faɗa, ko a ce su riƙa sammako su tsara lokacinsu. A ganina, sau da yawa ba a gano cutar ba, shi ya sa maganin ba ya ci.

A shekarar 2013, wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun yi bayanin cewa mai jan ƙafa ba aikin yake gudu ba, abin da aikin ke tayar masa a zuciya yake gudu: tsoron kada ya kasa, gundura, ko fargabar abin da za a ce idan ya miƙa. Da ya ture aikin ya ɗauki waya, sai ya ji sanyi nan take, wannan sanyin kuwa shi ke koya masa ya sake turewa. Washegari aikin yana nan, ga jin kunya ya ƙaru a kai. Wani bincike da Pychyl da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Carleton ta Kanada a 2010 ya nuna cewa ɗaliban da suka yafe wa kansu sakacin da suka yi kafin jarrabawar farko sun rage jan ƙafa kafin ta biyu. Ke nan faɗan da muke ɗauka magani yana iya zama itace a wuta.

Akwai kuma wata damuwar da ba daga aikin take fitowa ba. A 2013 ɗin dai, mujallar Science ta buga binciken Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da wasu abokan aikinsu biyu a kan manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya. Waɗannan manoma sau ɗaya suke samun kuɗi mai kauri a shekara, bayan an sare rake. An gwada kaifin tunaninsu kafin girbi, lokacin da aljihu ya bushe bashi ya yi yawa, aka sake gwada su bayan kuɗi ya shigo. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma sakamakon bayan girbi ya fi na kafinsa a fili. Masu binciken suka ce lissafin rashi yana cinye wani kaso na hankali, ya bar wa sauran al'amura ragowa.

Duk wanda ya san ƙauyukanmu a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, ba zai yi mamakin wannan ba. Haka ma'aikacin da tun cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 albashinsa ke ƙarewa a kuɗin mota da cefane. Yana zaune a ofis, amma zuciyarsa tana wajen mai gidan haya da kuɗin makarantar yara. A ce wa irin wannan ya sayi littafin tsara lokaci rashin tausayi ne, kuma rashin fahimta ne. Abin lura, a cikin addu'ar Manzon Allah (SAW) da Bukhari ya ruwaito daga Anas, an nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, da gajiyawa da kasala, har da nauyin bashi, duk a jere guda.

Wani lokacin kuma wurin aikin ne da laifi. Tun 1974 Herbert Freudenberger ya lura da yadda masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta a New York, waɗanda suka fara da zumuɗi, suke ƙarewa a gajiye ba sa jin komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan yanayi a matsayin abin da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, da alamu uku: ƙarewar kuzari, fita daga rai, da raguwar ƙwazo. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara a duniya. Shugaban da ke ɗora aikin mutum uku a kan mutum ɗaya, ba godiya ba hutu, shi ya kamata a fara tambaya.

Sai dai a kula da iyaka. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci ya gagara, abinci ba ya shiga, abin da yake so a da ya daina burge shi, to maganar ta wuce ta aiki, ta likita ce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta haramta nuna wa masu wannan larura bambanci, har a wurin aiki.