Tumbi ma yana da nasa duwan

Duk wanda ya taɓa shan ruwa a Gaya cikin watan azumi ya san abin mamakin nan: cikin da ya wuni wayam, yanzun nan ya karɓi kunu da ƙosai da shinkafa da kifin Kwara, bai fashe ba. Asirin yana ga jijiyoyi. Da mutum ya haɗiyi loma, wata doguwar jijiya mai suna bagus, wadda ta sauko daga ƙwaƙwalwa, sai ta ba saman tumbi umurni ya saki jiki. Ta haka yake ɗaukar lita ɗaya ko fiye.

To, yaya saƙon yake tafiya? Ƴan kasuwarmu da suka saba da duwan na gadar Malanbil da na hanyar Kamba za su gane nan da nan. A fatar kowace jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kowace da irin hajar da take bari ta wuce: wata sodiyom, wata potasiyom, wata kalsiyom. Buɗewarsu da rufewarsu ke haifar da ɗan lantarkin da ke ɗauke da saƙo. Jamusawa biyu, Neher da Sakmann, sun ci kyautar Nobel a 1991 saboda sun auna aikin ƙofa guda tak. A 2021 kuma aka ba Julius da Patapoutian, na farko don ƙofar da ke jin zafin barkono, na biyu don Piezo, mai jin matsi da miƙewa.

Bayan tumbi ya karɓi kaya, ƙasansa yakan matse kamar sau 3 a minti, yana niƙa, yana tura wa hanji kaɗan-kaɗan. Ga mai lafiya, cikin awa 4 galibin abinci ya wuce. Maiƙo yana jinkirta tafiyar.

Abu biyu ne suka fi shafar mu. Na ɗaya, ciwon sukari: idan ya daɗe ba kulawa, yakan lalata jijiyoyin nan, abinci ya kwana a tumbi. Mutum ya ci loma uku ya ƙoshi, ga kumburi, ga tashin zuciya, wani lokaci ya amayar da tuwon jiya. Na biyu, tiramol, wanda wasu direbobi da ƴan kabu-kabu ke sha don gajiya. Magungunan irinsa suna rufe ƙofar kalsiyom, su buɗe ta potasiyom, jijiya ta yi shiru, ciki ya tsaya, bayan gida ya gagara.

Saboda haka, ma'aikaci ko ɗan kasuwan da ke jin waɗannan alamu, kada ya yanke hukuncin olsa ce ya nufi mai tebur. Ya je likita a auna masa sukari, ya rage maiƙo, ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, ya taka ƙafa bayan cin abinci. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya.